Ajin Malam Brown: Dariyar da Ba a Bari a Rama Ba

A ranar 30 ga Disamba, 1977, gidan talabijin na ITV a Birtaniya ya fara nuna wani wasan barkwanci mai suna Mind Your Language, wanda kamfanin London Weekend Television ya shirya, Vince Powell kuma ya rubuta. Labarin ba shi da wata sarƙaƙiya. Wani matashin malami, Jeremy Brown, wanda Barry Evans ya fito a matsayinsa, ya sami aikin koyar da Turanci a wata makarantar manya ta yamma a Landan. Ɗalibansa baƙi ne da neman abinci ya kawo daga ƙasashe daban-daban, kowa da harshensa, kowa da halinsa. Tun ranar farko shugabar makarantar, Miss Courtney, mace mai ɗaure fuska da ba ta yarda da maza ba, ta sanar da shi cewa malamin da ya gada ɗaliban ne suka haukata shi. Wasan ya karɓu ƙwarai, har masu kallonsa suka kai kimanin miliyan 18. Duk da haka a 1979, bayan zango uku, Michael Grade, babban jami'in shirye-shirye na kamfanin, ya dakatar da shi, domin a ganinsa yadda ake zana baƙi a ciki cin fuska ne. Daga nan wasan ya yi rayuwa biyu. A ƙasar da aka haife shi ya zama abin da manyan tashoshi ke jin nauyin maimaitawa. A Indiya da Siri Lanka da Malesiya da Nijeriya kuwa ya zama ɗan gida, kuma har yau matasan da ba a haifa ba lokacin da aka yi shi suna kallonsa a YouTube suna ƙyaƙyatawa.

Masu kallo a nan sukan ɗauka Turawa ne kawai suka faye tsirfa, suka kashe wasa mai daɗi saboda tsoron kada a ce sun yi wariya. Masu sukarsa a can kuma sukan ɗauka duk wanda ya yi dariya bai waye ba ne. Dukansu sun kauce wa inda matsalar take. Yi wa ƙabila ko karin harshe ba'a ba shi ne laifin wasan ba, kuma Bahaushe, wanda ya tashi cikin wasan taubasai, ya fi kowa cancantar ya gane haka. Laifinsa shi ne dariyar hanya ɗaya take bi, daga masu gida zuwa kan baƙi, a lokacin da baƙin ke cikin tsoro na gaske, kuma an gina wasan ta yadda ba za su taɓa ramawa ba.

Sai an leƙa ajin kafin a fahimci wannan. Ali Nadim, Musulmi ɗan Pakistan, yana shigowa da hularsa yana kaɗa kai yana murmushi, ya ɗauko karin maganar Turawa ya juya ta baibai. Ranjeet Singh, mabiyin addinin Sikh mai rawani wanda ke aiki a jirgin ƙarƙashin ƙasa, da ya yi kuskure sai ya haɗa tafin hannu ya nemi afuwa dubu. Su biyun ba sa ga maciji, kullum cikin zagin addinin juna suke, wato an ɗauko rabuwar Indiya da Pakistan ta 1947, wadda ta ci rayukan dubban ɗaruruwan mutane, an mai da ita faɗan benci. Chung Su-Lee, sakatariya a ofishin jakadancin Sin, kowace tambaya aka yi mata sai ta miƙe ta zaro ɗan jan littafin Mao ta hau karatu, tana musanya harafin "r" da "l". Taro ɗan Japan sai ya rusuna kafin ya yi magana, kuma kowace kalma sai ya liƙa mata "o" a ƙarshe. Jamila tana can baya da saƙarta, da ƙyar take haɗa jimla. Giovanni Ba'italiye mai dafa abinci da Max Bagirke ba su da aiki sai bin mata, Danielle Bafaranshiya ba ta da aiki sai yi wa malam fari da ido, Anna Bajamushiya ba ta dariya, Juan ɗan Sifen kuma duk abin da aka faɗa sai ya ce a maimaita. Mutum goma, kowanne an rataya masa tuta da ɗabi'a guda ɗaya, kuma da ita zai shiga kowane mako, da ita zai fita.

Ba za a yi wa wasan adalci ba idan aka ce babu gwaninta a cikinsa. Akwai, kuma mafi yawanta a kan harshen Turanci kansa take. Duk wanda ya zauna a aji aka ce masa harafin nan ana rubuta shi amma ba a furta shi, ko kalma ɗaya tana da ma'ana huɗu da ba su haɗa dangi ba, ya san cewa amsar da ɗaliban Brown ke bayarwa sau da yawa ta fi tambayar hankali. A irin wannan wuri abin dariyar harshen ne, ɗalibi kuwa shi ne mai gaskiya. Haka kuma wasan ya kama wani abu na rayuwar malami da kowane mai riƙe alli zai gane: mutum ne da aka ɗauka aikin gwaji, shugaba na leƙensa ta ƙofa tana jiran ya yi tuntuɓe, ɗalibai na kawo masa rigimar aurensu da ta 'yan sanda da ta kuɗin haya, shi kuwa ba shi da iko a sama, ba shi da shi a ƙasa. Akwai ma wani kashi a zangon farko inda mai duba makarantu ya zo, da yake baƙar fata ne sai Brown ya ɗauka sabon ɗalibi ne, ya zaunar da shi a benci. A wannan daren Baturen ne ya sha kunya, kuma son zuciyarsa ne aka tona. Da a ce haka wasan ya ci gaba da yi, da wani zancen ake yi yau. Amma irin wannan juyin bai yi yawa ba.

Hujja mafi ƙarfi da mai kare wasan zai kawo a ƙasar Hausa ita ce ta barkwanci. Bafulatani da Babarbare suna haɗuwa a kasuwa kowa ya kira ɗan'uwansa bawansa. Bagobiri da Bayarabe, Bakano da Bazazzagi, Bakatsine da Banufe, duk akwai wasa tsakaninsu, kuma maganganun da ake faɗa a ciki sun fi na ajin Brown zafi nesa ba kusa ba. Jamhuriyar Nijar ta ɗauki wannan al'ada da muhimmanci har hukumar UNESCO ta sanya ta cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. To idan mu muna yi, kuma muna alfahari da shi a matsayin maganin gaba, don me za a hana Turawa? Amsar tana cikin ƙa'idojin wasan namu, waɗanda kowa ya sani ko da ba a rubuta su ba. Na farko, ana ramawa. Babarbaren da aka tsokana yana da cikakken 'yancin mayar da martani nan take, kuma jama'ar da ke wurin za su yi masa dariyar goyon baya idan tasa ta fi. Sannan wasan yana tafe da haƙƙi. Abokin wasanka ba ka ganinsa cikin wahala ka wuce, ba ka kai shi ƙara kan abin da ya faɗa, kuma idan rigima ta tashi tsakanin danginku kai ne mai shiga tsakani. Taubashin da ke zolayar ɗan'uwansa shi ne kuma wanda ake bi kuɗin shara idan shekara ta zagayo. Ba kuma kowa da kowa ake yi ba. Wanda babu wasa tsakaninka da shi, in ka faɗa masa abin da kake faɗa wa taubashinka, zagi ne, kuma kowa zai kira shi zagi.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa da ya cika a Landan ta 1977. Shekaru tara kafin nan, a 1968, ɗan majalisa Enoch Powell ya yi jawabinsa na Birmingham inda ya yi hasashen zubar da jini idan aka ci gaba da karɓar baƙi. A 1972 Idi Amin ya kori Indiyawan Yuganda, dubbai suka sauka Birtaniya, wasu garuruwa na nuna a fili ba sa son su. A zaɓen majalisar birnin Landan na 1977 jam'iyyar National Front, mai neman a mayar da baƙi inda suka fito, ta sami ƙuri'a fiye da 100,000. Wata ɗaya bayan fara wasan, a Janairun 1978, Margaret Thatcher ta faɗa a talabijin cewa jama'a na tsoron masu wata al'ada daban za su mamaye ƙasar. A ranar 4 ga Mayu na wannan shekara wasu samari uku suka daɓa wa Altab Ali wuƙa a unguwar Whitechapel yana komawa gida daga wurin aikinsa na ɗinki, ya mutu, dubban 'yan Bangaladash suka bi akwatin gawarsa zuwa Downing Street, inda gidan firayim minista yake. A Afrilun 1979 wani malamin makaranta na gaske, Blair Peach, ya rasa ransa bayan an buge shi a ka a Southall, wurin zanga-zangar adawa da National Front. A cikin wannan yanayi ne iyalai miliyoyi ke zama da daddare suna kallon ɗan Pakistan mai kaɗa kai wanda ba ya gane magana. Ba wanda zai ce wasan ne ya sa aka kashe wani, kuma faɗar haka zalunci ne ga waɗanda suka yi shi. Amma yaron da iyayensa suka zo daga Lahore ko Sylhet, wanda zai shiga aji da safe a matsayin shi kaɗai ne mai irin fatarsa, ba shi da dandalin da zai rama. Ba shi da tashar talabijin, ba shi da marubuci, kuma abokan ajinsa ba su ɗauke shi taubashi mai haƙƙi a kansu ba.

Akwai wani abu kuma a ginin wasan da ya fi kowace kalma da aka furta a ciki nauyi. Makaranta wuri ne da ake shiga don a canja. Amma wasan barkwanci na mako-mako yana rayuwa ne a kan kada kowa ya canja, domin ranar da Juan ya fara gane tambaya, ko Su-Lee ta gyara furucinta, abin dariyar ya ƙare. Don haka aka rufe zangon farko da jarrabawa, aka buɗe na biyu da labarin cewa sun faɗi, suka dawo benci ɗaya da kuskure ɗaya. Marubucin ya yi haka ne don sana'arsa ta ci gaba, ba don wata muguwar manufa ba. Sai dai saƙon da ya fita, mako bayan mako har shekara biyu, shi ne baƙo ba ya koyo, ba ya zama ɗan gari, ko an ba shi malami mai digirin Oxford. Wannan kuwa ita ce ainihin da'awar masu neman a kore su. Gaskiyar da ke waje ta saɓa wa haka, domin 'ya'yan waɗannan baƙi ne suka cika asibitoci da jami'o'i da majalisar ƙasar bayan shekaru talatin. Ma'aikacin jirgin ƙasa irin Ranjeet, wanda ke magana da fasinjoji ɗaruruwa a yini, ba zai shekara biyu yana tuntuɓe a kan gaisuwa ba.

Masu kare wasan sukan ce ai 'yan wasan kansu baƙi ne, kuma ba su ga aibunsa ba. Akwai gaskiya a nan, kuma ci gaba ne idan aka tuna cewa a 1969 wannan kamfani ɗin ya nuna Curry and Chips, inda Spike Milligan ya shafa wa fuskarsa launi ya fito a matsayin ɗan Pakistan, aka tsayar da shi bayan kashi shida. Françoise Pascal, wadda ta fito a Danielle, ta sha kare wasan a bainar jama'a. Albert Moses, wato Ranjeet, shi ne ma ya tsaya aka farfaɗo da shi a tsakiyar shekarun 1980, aka ƙara kashi 13 da aka yi musamman don kasuwar ƙasashen waje. Ba daidai ba ne a raina ra'ayinsu ko a ce ba su san ciwon kansu ba. Amma a dubi yadda aka raba musu matsayi. Moses ɗan Siri Lanka ne, aka naɗa masa rawanin Sikh. Dino Shafeek ɗan Dhaka ne, aka ce ya zama ɗan Pakistan, shekaru shida kacal bayan yaƙin 1971 da ya raba Bangaladash da Pakistan. Kevork Malikyan Ba'armeniye ne haifaffen Turkiyya, ya zama Bagirke. Pik-Sen Lim a Penang ta Malesiya aka haife ta, ta zama 'yar jam'iyyar Mao. Ɗan wasa yana iya fitowa a kowane matsayi, wannan ita ce sana'ar, amma a nan abin yana nuna cewa masu shirin ba rayuwar kowa suke nema ba, kamanni suke nema. Kuma a zamanin da matsayin da ake ba ɗan Asiya a talabijin bai wuce na mai shayi ko mai shago ba, karɓar aiki ba ya nufin amincewa da kowane layi. Alƙalamin yana hannun Vince Powell, wanda kafin nan shi da Harry Driver suka ƙirƙiro Love Thy Neighbour, wasan Bature da baƙin maƙwabcinsa da ke ta jifan juna da sunayen wariya.

Ana kuma cewa ai Turawan cikin wasan ma ba a bar su ba. Gaskiya ne an yi wa Miss Courtney dariya, an yi wa Sid mai kula da ginin makarantar, da Gladys mai shayi. Bambancin shi ne su mutum huɗu ne masu hali huɗu, malami da shugaba da lebura da mai shayi, don haka babu mai kallon Sid ya ce haka Turawa suke. Ali kuwa shi kaɗai ne ɗan Pakistan a ajin, duk abin da ya yi ƙasarsa ce ta yi.

Saura hujjar da ta fi shafarmu: idan wasan cin fuska ne, me ya sa ƙasashen da aka ci fuskarsu suka fi kowa son sa? Indiya ta yi nata a 1993, Zabaan Sambhalke, inda Pankaj Kapur ke koyar da Hindi. Amurka ta yi What a Country! a 1986. A Nijeriya tashar NTA ta nuna Second Chance, ajin manya da aka fi tunawa da shi saboda Madam Kofo da ƙaton ɗaurin kallabinta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai kallo a Delhi ko Kano yana zaune ne a ƙasarsa, cikin masu kama da shi, ba wanda zai tare shi a hanya gobe ya kwaikwayi maganarsa don ya nuna masa shi bare ne. Abin da yake gani a allon shi ne wahalar da ya sha da Turancin da aka ɗora masa a makaranta, sai ya yi dariyar huce haushi. Ya kamata kuma mu lura cewa babu ɗan Afirka ko ɗaya cikin ɗaliban dindindin na ajin. Mun yi dariya ne muna tsaye a bakin taga. Da a ce akwai wani Malam Audu a benci na uku wanda ke musanya "p" da "f" kowane mako, ba ya gane komai sai murmushi, da wuya a ce ƙaunarmu ga wasan ta kai haka. Su kuma kwaikwayon da aka yi a gida sun yi aiki ne saboda sun sauya lissafin: a ajin Legas ko na Mumbai yawancin ɗaliban 'yan ƙasa ne, kowa yana da jama'a a bayansa, kuma marubucin ma yana da ƙabilar da za a taɓa. Haka The New Masquerade ya yi shekaru yana wasa da Turancin Cif Zebrudaya da fankamar Jegede da wautar Gringory ba tare da ƙasa ta kama wuta ba, haka Samanja ya mai da Hausar bariki abin so.

Wannan ba ya nufin a binne wasan. Michael Grade ya yi daidai da ya ƙi ci gaba da zuba kuɗi a sabon zango, domin shawarar abin da za a shirya gobe haƙƙin mai tasha ne, kuma ba takunkumi ba ne. Goge abin da aka riga aka yi wani abu ne daban. A watan Yunin 2020, bayan kisan George Floyd, BBC ta cire Little Britain daga dandalinta, Netflix ta cire Summer Heights High, wasan makaranta na Chris Lilley ɗan Ostareliya, aka kuma janye wani kashi na Fawlty Towers kafin a mayar da shi da gargaɗi a gabansa. Mayarwar ta fi janyewar hikima. Wanda bai ga ajin Brown ba ba zai san abin da miliyan 18 suka ɗauka wasa ne ba, kuma ba zai gane girman abin da ya biyo baya ba. Abin da ya biyo bayan shi ne amsar gaske. A 1998 BBC ta fara nuna Goodness Gracious Me a talabijin, wanda Sanjeev Bhaskar da Meera Syal da Nina Wadia da Kulvinder Ghir suka yi, dukansu daga zuriyar baƙin da aka yi wa dariya. A fitaccen kashinsa wasu Indiyawa a Bombay sun tafi gidan abincin Turawa bayan sun yi tatil, suna kasa furta sunan ma'aikacin Bature, suna cika baki kan wa zai iya cin abincin da ya fi kowanne rashin ɗanɗano. Ba su tausasa harshe ba, sun ma fi Vince Powell taka sahu, kuma iyayensu da limamansu da 'yan bokonsu ba su tsira ba. Turawa suka kalla suka yi dariya, da yawa a kan kansu. An ɗauki shekara ashirin kafin ramuwar ta zo, amma da ta zo sai abin ya fara kama da wasa tsakanin mutane biyu.

Ma'aunin nan ba na Turawa kaɗai ba ne, kuma bai kamata mu ɗauke shi mu auna wasu mu ajiye ba. Bahaushe ya san zafin ganin kansa a finafinan Kudu, inda shekara da shekaru matsayinsa bai wuce maigadi mai butar alwala da rediyo ba, wanda ba ya iya isar da saƙo daidai. Ƙorafin da ake yi a kan haka daidai ne, kuma Arewa tana da Kannywood da za ta nuna likitanta da alƙalinta, ta kuma yi wasa da Bayarabe da Inyamuri idan ta so. Amma a cikin finafinan Hausa ma akwai waɗanda ke zaune a bencin Ali Nadim. Bamaguje yakan fito ne a matsayin wanda bai san komai ba sai an wayar da shi. Bagwari ana kawo shi ne don gurɓatacciyar Hausarsa. Bafulatanin daji kullum shi ne wanda birni ya ruɗa, kuma ana ci gaba da nuna shi haka a shekarun da sunan ƙabilarsa ya zama abin zargi a tashar mota da shingen jami'an tsaro. Wasunsu akwai tsohon wasa tsakaninsu da masu shirya fim ɗin, wasu babu. Kusan dukansu ba su da kamfani, ba su da marubuci a ɗakin da ake tsara labarin, kuma yaransu suna zuwa makaranta ɗaya da yaran da suka kalli fim ɗin jiya da daddare.